Teburin Anti

Ranar Litinin ɗin da aka mayar da Malama teburin Anti, Manaja ko tsayawa bai yi ba. Ya nuna mata kujerar da bakin biro, ya ce, "Daga yau nan ne wurinki. Wata biyu kina jin yadda suke yi, ai ba sai an koya miki ba." Ya wuce abinsa.

Kamfanin na gyaran firiji ne da injin wanki da na'urar sanyaya ɗaki. A hawa na biyu akwai wani dogon zaure mai tebur talatin da shida, babu bango tsakanin kowa da kowa sai wasu alluna da ba su kai kafaɗar mutum a zaune ba. A nan ake karɓar kiran waɗanda kayansu suka lalace, a ji matsalar, a sa musu ranar da mai gyara zai je. Malama ta yi shekara bakwai tana koyar da 'yan aji huɗu kafin makarantar ta rufe, sunan kuma ya biyo ta har nan. Tun zuwanta a can baya take, kusa da firinta, tana shigar da takardun masu gyara a kwamfuta.

Zauren bai san shiru ba. Fankoki takwas, biyu daga ciki suna gurnani. Firinta tana shaƙewa da takarda, butar shayi tana fito, mutum talatin da wani abu kowa yana magana da wanda ba a gani. Ga kuma Dogo, wanda in ya ƙyalƙyale da dariya har masu gadi a ƙasa sai sun ɗaga kai. Masu kira suka yi ta ƙorafi. Wani ya ce kamar a tasha ake amsa masa, wata ta ce ta fi jin adireshin gidan wani mutum fiye da maganar da ake yi mata. Shi ne aka sayo wata manhajar kwamfuta. Injiniya ya bi tebur-tebur, kowa ya sa hedifon ɗinsa ya karanta shafi guda a bayyane, manhajar ta haddace muryarsa. Daga nan duk abin da ba wannan muryar ba sai ta share shi. Ko faranti aka fasa a gefenka, mai kira ba zai ji ba.

Anti ta fi kowa daɗewa a zauren, shekara goma sha tara. Mako uku da suka wuce ta faɗi a gida tana shirin fitowa aiki. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta ɗauke. An bar teburinta na bakin taga yadda yake: kofi mai hoton lemo, wata 'yar tukunyar fure, da matashin da take tokare bayanta da shi.

Malama ta ɗauki hedifon ɗin. Soson ya lotsa daidai kunnen wata, yana ƙamshin man gashin da ba nata ba. Ta leƙa ta saman allo wajen Dogo, wanda teburinsa ke manne da nata.

"Ni ba sai na karanta shafin nan ba?"

"Injiniya matarsa ta haihu, sai Litinin mai zuwa. Ki lallaɓa haka. Muryarki ai 'yan aji huɗu ma ba su iya danne ta ba, balle wata manhaja."

Ƙarfe takwas da 'yan mintoci kira na farko ya shigo. Malama ta gyara zama, ta ce, "Barka da safiya, sashen gyara ne, me za mu taimaka?"

"Halo?" in ji wata mata. "Halo?"

Malama ta maimaita, wannan karon da muryar aji.

"Halo, ni ba na jin kowa."

Ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta ji matar ta sauke ajiyar zuciya. "Yauwa, Anti, ashe ke ce. Ina kwana? Lafiya lau. Duk suna lafiya. Wallahi firijin nan ne kuma."

Malama ta rufe bakinta. A kunnenta babu komai sai muryar matar, tana yi tana ɗan tsayawa, irin tsayawar mai sauraron tambaya.

"Saman yana ƙanƙara, ƙasan ne babu sanyi. A'a, ban matsar da shi ba. To, bari in duba bayan." Aka ji an ja wani abu mai nauyi a kan siminti, sannan matar ta karanto lamba a hankali, ta sake karanta biyun ƙarshe kamar an ce ta maimaita. "Laraba da safe? Ya yi mini. Allah ya saka da alheri, Anti."

Hannun Malama ya riga ya rubuta komai, don hannun malama ba ya jin lamba ya ƙyale. Da ta buɗe jadawalin masu gyara, sai ta ga a duk makon gurbi ɗaya ne ya rage a unguwar matar, Laraba da safe.

Kira na biyu ma haka, na uku ma haka. Kafin ƙarfe ɗaya ta shigar da mutum goma sha huɗu, kuma bayan gaisuwar farko ba ta ƙara cewa uffan ba.

Da aka tashi cin abinci ta gaya wa Dogo. Ya yi dariya har ya ƙware da shayi. "Wato ke kin samu aikin da duk duniya ke nema kenan, wata ta yi ke ki zauna."

"Kira teburin ka ji."

Ya ɗauki wayarsa yana murmushi ya fita wajen matakala. Malama ta sa hedifon, ta amsa, ta yi gum. Ta ji Dogo ya maƙale murya kamar tsoho, yana cewa injin wankinsa ya haɗiye masa safa. Sai ya tsaya. Ta ji numfashinsa. Sannan da muryarsa ta gaskiya, ƙasa-ƙasa, ya ce, "Da sauƙi. An cire mata filastar. Tana takawa." Ya kashe.

Ya dawo ya zauna, bai kalle ta ba. Ya daɗe yana juya kofinsa a kan tebur kafin ya ce, "Ƙafar 'yata ta tambaya. Ranar Juma'ar da ta yi mana ta ƙarshe na gaya mata yarinyar ta karye." Ya sa hedifon ɗinsa. Ranar ba a sake jin dariyarsa ba.

Washegari Malama ta je wajen Manaja. Ta fara da cewa kamar hedifon ɗin yana da matsala. Ya juyo da fuskar kwamfutarsa ya nuna mata. "Jiya kin fi kowa karɓar kira, kuma ƙorafi ko ɗaya babu. Me kike so in gyara?" Ta tsaya tana neman yadda za ta ɗauko maganar ba tare da an ce kanta ya taɓu ba. Shekara guda ta yi zaune a gida kafin ta samu wannan aikin. Ta ce babu komai, ta koma kujerarta.

Haka makon ya tafi. Tana zaune, hayaniyar zaure tana zagaye da ita, ita kuwa tana cikin wani shiru nata ita kaɗai, tana jin rabin hira tana rubutawa. Ta fara gane tambayoyin Anti daga amsoshin da ake bayarwa. Ta gane tana yi wa masu fushi wani abu da ke sa su dariya a minti na biyu, sai dai ba ta taɓa jin ko mene ne ba. Wani lokaci mai kira zai ce, "Ke ma Allah ya ƙara sauƙi," sai Malama ta dakata da rubutun.

Ranar Laraba da yamma tana zuba wa yara abinci, maigidanta ya dube ta ya ce, "Ke da kika ce rubutu kawai kike yi a can, me ya dushe miki murya haka?"

Ta taɓa maƙogwaronta. Zafi yake yi, irin na ranar da ta yi darasi shida a jere.

Ranar Alhamis hadari ya haɗu, gari ya yi duhu, gilashin taga ya koma kamar madubi. Wani mutum yana ba da labarin ruwan da ke tsiyaya daga na'urar sanyaya ɗakinsa, ya tsaya yana sauraro. Malama ta ɗaga kai ta ga fuskarta a gilashin. Leɓɓanta suna motsi. Babu sauti, kuma ba ta san me suke cewa ba. Ta danne su da tafin hannu har mutumin ya yi godiya ya ajiye.

Ranar Asabar ta karɓi kwatance wajen Dogo, ta sayi lemo da madara, ta tafi dubiya. Gidan yana bayan wani kantin magani, ɗaki biyu da falo a hawan ƙasa. 'Yar Anti ce ta buɗe mata, doguwa, idanunta sun faɗa don rashin barci.

Anti tana kan kujera a bakin taga, an lulluɓe mata ƙafafu. Malama ta san ta da jiki da fara'a, mai shigowa zaure tana gaisawa da kowa tebur-tebur. Yanzu wuyan rigarta ya yi mata yawa, gefen bakinta ya zube.

"Ya jikin nata?"

"To, Yaya, likita ya ce alama ce mai kyau, wai tana ƙoƙarin magana. Amma ni ramewa nake gani." Yarinyar ta rage murya. "Makon nan ta fara. Ƙarfe takwas na yi sai bakinta ya kama motsi, babu sauti, ta ƙura wa bango ido. In na kawo cokali ta kawar da kai. Ƙarfe ɗaya ta tsaya, rabin awa, a nan ne kawai nake samu in ba ta wani abu. Sai kuma ta ci gaba. Biyar na yi ta yi laƙwas, zufa ta jiƙa ta sharkaf."

"Wace rana ta fara?"

"Litinin."

"Yau fa?"

"Yau ai Asabar ce," in ji yarinyar. Sai ta juya ta dubi uwar, kamar ita ma yanzu ta ji abin da ta faɗa.

Malama ta durƙusa gaban kujerar ta gaishe ta. Ta ce, "Anti, ni aka ba teburinki. Ina ba furenki ruwa." Idanun Anti suka sauko a hankali, ba kan fuskarta ba, kan kunnenta na hagu, inda hedifon ya bar ɗan shati. Hannun Anti mai lafiya ya taso ya kama wuyan hannun Malama. Akwai ƙarfi a riƙon fiye da yadda ta zata.

Ta matso kusa yadda yarinyar ba za ta ji ba. "Anti, in sa a cire muryar taki daga manhajar?"

Riƙon ya ƙara tsananta, har farce ya shiga fata. Malama ta duba idanun nan iya dubawa, ba ta gane ko roƙo ne ko gargaɗi ba. Sai da 'yar ta zo ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Mama, sake ta mana, baƙuwa ce."

Ranar Litinin Injiniya ya dawo da alewa a leda yana rabawa. Malama ta tare shi tun bakwai da rabi. Ya saurare ta yana gyaɗa kai, ba tare da mamaki ba.

"Laifina ne, ban sauya ba kafin in tafi. Kin ga, manhajar ba share ƙara kawai take yi ba. In maganar mutum ta cakuɗe da hayaniya, sai ta sake gina ta da muryar da ta haddace. Maganarki ce ta ɗauka ta sa mata rigar Anti."

"Ni ban yi magana ba."

"Kin yi, ba ki dai lura ba."

"Ana naɗar kiran, ko? Saurara ka ji."

Ya zauna a kujerarta, ya buɗe na ranar Alhamis, ya sa hedifon. Malama tana kallon fuskarsa. Da farko yana taunar alewa. Sai ya daina. Ya koma baya ya sake ji, ya buɗe wani, ya buɗe wani. Da ya cire hedifon ɗin, a hankali ya ajiye shi, da yatsa biyu.

"Ba ta yin haka," ya ce. "Ba ta da inda za ta samo kalmomi." Ya goge tafinsa a wando. "Bari in share muryar yanzu, ki karanta shafin, a wuce wurin."

"Tsaya. Zan kira teburin sau ɗaya. Kai dai ka danna amsa."

Ta fita wajen matakala, ta ja ƙofar zauren ta rufe. Wurin yana warin omo, babu kowa. Ta kira.

"Barka da safiya, sashen gyara ne, me za mu taimaka?"

Muryar ce, cikakkiya, da ɗan jan nan da take yi a ƙarshen gaisuwa. Bayanta kuwa babu komai, ko ɗan shuu ɗin da waya ke yi babu. Malama ta jingina da bango.

"Anti, Malama ce. Ta wajen firinta."

"Malamar aji huɗu. Ya yaran? Ya maigidan? To madalla. Ji nan, tun da ke ce. Akwai wani dattijo da ke kira duk Talata ya ce firijinsa yana ƙara. Lafiyar firijin ƙalau, matarsa ce ta rasu. Kar ki tura masa kowa, ki ba shi minti uku. Makullin durowa yana ƙarƙashin tukunyar fure. Mai gyaran nan mai babur ja kuma kar ki sa shi hawa bene, gwiwarsa ce, ba zai faɗa ba."

"To, Anti."

Sai muryar ta yi ƙasa.

"Malama, wai ina kowa?"

"Suna nan, Anti."

"Ba na jin su. Masu kira dai ina jin su, in sun ajiye shi kenan. Ba fanka, ba buta, ba Dogo. Na yi ta kira ba mai amsawa. Na ce ko an tashi ne an rufe ni a ciki."

Malama ta tura ƙofar da kafaɗa ta shiga zauren, ta ɗaga wayar sama kamar mai neman sabis. Takwas ta wuce, aiki ya kankama. Ta bi ta ƙarƙashin fankokin nan biyu masu gurnani. Ta tsaya gaban butar shayi har ta yi fito. Ta wuce ta bayan masu magana, layi-layi, wannan yana ba da haƙuri, waccan tana karanto lamba. A wajen firinta wata tana bubbuga murfin tana yi wa injin Allah ya isa. Mutane suna bin ta da kallo, ba ta kula ba. Ta zo kan Dogo ta miƙa masa wayar daidai baki.

Ya dube ta, ya dubi Injiniya da ke zaune ya harɗe hannuwa nesa da hedifon. "Anti," ya ce, "tun da kika tafi ba mai ɓoye mini biskit. Na rame, wando har faɗuwa yake." Wani a tebur na gaba ya ce wandon dai da ya yage ranar Juma'a wajen sunkuyo, sai dariyar ta ƙwace wa Dogo, babba, irin tasa, idanunsa suna ruwa.

Malama ta mayar da wayar kunnenta.

"Yauwa," in ji Anti. "Ashe kuna nan." Ta ɗan yi dariya ta hanci. "To ni bari in ɗan kishingiɗa. Bayana ya gaji."

Layin yana buɗe, amma babu kowa a kai. Malama ta jira minti guda cur, sannan ta gyaɗa wa Injiniya kai. Ya danna abin da zai danna. Ya miƙo mata shafin, ta zauna ta sa hedifon ta karanta.

Ƙarfe biyu 'yar Anti ta kira ta. Ta ce Mama tun wajen takwas da rabi barci ya ɗauke ta a kujera, ba ta farka ba sai yanzu, kuma ta cinye abin da aka ba ta har ta nuna a ƙaro. Bayan wata biyu Anti ta fara haɗa kalma ɗaya-biyu, ruwa, zo, sunan 'yarta. Ba ta dawo aiki ba. Malama ta kai mata kofinta da matashinta, ta zauna suka kalli titi tare, ba wadda ta tayar da maganar.

Injiniya ya rubuta a rahotonsa cewa an samu kuskuren saiti a tebur ɗaya, an gyara. Masu kira sun daɗe suna tambayar Anti, wasu har suna cewa sabuwar tana da tsawa. Dattijon Talata ya yi mako biyu yana ajiye waya da ya ji baƙuwar murya, a na uku ya tsaya ya ce firijin yana ƙara.

Can cikin damina zazzaɓi ya kwantar da Malama. Ta aika wa Manaja saƙo tun da sassafe cewa ba za ta samu fitowa ba. Yara suka tafi makaranta, gidan ya yi tsit. Tana kwance tana kallon agogon bango, takwas saura biyar, sai ta ji harshenta ya yi wani ɗan motsi a cikin baki, kamar mai shirin gaisuwa. Ta lalubo waya ta kira Dogo.

"Don Allah ka zare hedifon ɗina daga jikin kwamfuta."

"Na riga na zare," in ji shi. "Tun da na ga ba ki zo ba. Yana cikin durowata, na kulle. Kwanta ki huta."

Ta ajiye wayar. Maigidanta ya shigo da shayi da magani, ya tarar da ita ta ɗora tafin hannu a kan bakinta. Ya tambaye ta ko amai take ji. Ta girgiza kai. Ya ajiye kofin a gefen gado, ya ce ta sha kafin ya huce, ya fita. Ba ta ɗauke hannun ba sai da tara ta wuce.